Baƙon Da Ya Daidaita Mana Alƙibla

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran maƙwabcina, wanda duk unguwarmu ta sani da Injiniya. Ya rasu a asibiti bayan jinyar mako uku, yana da shekara saba'in da ɗaya, kuma arba'in da ɗaya daga cikinsu a tsakaninmu ya yi su. Ya bar matarsa, da 'ya'ya mata uku, da jikoki bakwai. An yi masa sutura a ranar, bayan sallar la'asar.

Ina tsakar gida ina ba shukokina ruwa wayata ta yi ƙara. Babbar 'yarsa ce, wadda muke kira Likita tun tana ƙarama tana ɗaure wa 'yar tsanarta ƙafa, har Allah ya sa sunan ya tabbata. Ta ce, "Baffa, Abba ya cika." Can ta ce akwai saƙon da ya bar mini, amma sai na zo. Na zauna a gindin tankin ruwan da shi ya kafa mini da hannunsa.

Injiniya, da kai zan yi magana. Masu yi maka kyakkyawar shaida suna da yawa, kuma duk sun fi ni cancanta. Ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Akwai maganar da na yaɓa maka a gaban jama'a shekara ashirin da shida da suka wuce, kuma ban janye ta ba har ka koma ga Ubangijinka. Duk wani mai furfura a unguwar nan ya san maganar. Zan zo kanta, amma bari in fara faɗa wa waɗanda ba su san ka ba ko wane ne na yi wa wannan rashin kunyar.

Na tuna ranar da ka iso. Motar haya ta sauke ka a ƙofar gidan da ke kallon namu, da akwatin ƙarfe guda ɗaya, da darduma a naɗe a hammata, da wata doguwar jaka da muka zaci bindiga ce, ashe ƙafafun na'urar awo ne a ciki. Ma'aikatar ruwa ce ta ɗauko ka daga ƙasarku, aikin shekara biyu. Harshenmu kuwa, in ka yi gaisuwa sai mun kau da kai mun yi dariya. Mahaifina, wanda kowa ke kira Baba Magini, shi ya fara tsallaka titi ya ba ka hannu. Ya ce mana baƙonka annabinka, ya sa aka kai maka tabarma da fitila da ruwan sha. Washegari da asuba ya ƙwanƙwasa maka ƙofa, ya ja ka zuwa masallacin unguwa, wanda shi ya gina tun ina goye a bayan mahaifiyata. Daga ranar yake ce maka "ɗana", kai kuma kana ce masa "Baba". Ni a lokacin sabon malamin makaranta ne mai jin kansa, kuma ba zan ɓoye ba, na ɗan ji kishi.

Shekara biyun nan ta zama biyar, ta zama goma, har muka daina ƙirga. Ban san aikin injiniya ba, amma na ga yadda kake yin naka, domin na sha kai ɗalibaina ma'aikatar. Wani dogon ɗaki ne mai manyan injina huɗu masu koren fenti, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafar mutum, magana ma sai da ɗaga murya. Kai kuwa sai ka ɗauko wani siririn rodi, ka ɗora kansa ɗaya a jikin injin, ɗayan kan a kunnenka, ka rufe ido. Wata rana a gabanmu ka ce wa makanikin wurin, "Na ukun nan yana tari." Yara suka fashe da dariya. Makanikin bai yi dariya ba, kayan aikinsa ya tafi ɗaukowa, domin ya san in ka ce inji yana tari, kwana biyu ne tsakaninsa da kwanciya.

Ba ka taɓa sa hannu a kan aikin da idonka bai gani ba. Ma'aikatanka sun laƙaba maka "Mu Sake Aunawa", saboda kalmar ba ta barin bakinka. Wani ɗan kwangila ya taɓa binne bututu a titin bayan kasuwa, ya rufe, ya daddaɓe, ya kawo takarda a sa masa hannu. Ka ce a tona maka wuri uku ka gani. Aka tona, aka tarar zurfin bai kai ba, ga shi kusa da magudanar ƙazanta. Mutumin ya yi roƙo, ya yi fushi, ya turo manya, daga ƙarshe ya tuna maka cewa kai ba ɗan ƙasa ba ne. Amsarka ɗaya ce, cewa da ruwan nan mutane za su yi alwala, da shi za a dama wa jarirai abinci. Sai da aka tone titin daga farko har ƙarshe.

Kowace Alhamis kuma kana da wata tafiya da ba ta cikin aikin da aka ɗauke ka. Sai ka ja tsohuwar motarka har ƙarshen gari, inda bututu ya ƙare, wurin wani famfo a bakin gidajen talakawa. Akwai kofin silba da kake ajiyewa a mota. Ka tara, ka ɗaga ka duba a hasken rana, sannan ka shanye. Na taɓa raka ka, na tambaye ka dalilin wannan wahala. Ka ce in na ƙarshe ya samu, to kowa ya samu. Ranar jana'izarka mutanen wannan unguwar sun zo mota biyu, da yawansu ba su ma san sunanka ba, "mai kofi" suke cewa.

A gida kuwa, duk wanda ya san ka ya san Umma, matarka, wadda ta biyo ka bayan shekara biyu da zuwanka. Agogonmu na rana kai ne. In muka ji ƙarar motarka ƙarfe ɗaya da kwata, mun san ka dawo cin abinci da ita, ko da kuwa manyan baƙi ka baro a ofis. Abokai sun sha tsokanarka cewa an shanye ka. Sai ka yi murmushi ka ce matar da ta bar uwa da uba ta biyo ka ƙasar da ba ta san kowa ba, ai ba a barinta ta ci abinci ita kaɗai.

Shekarar da ta faɗi ta karye a ƙugu ta yi wata huɗu a kwance, kai ka zama uwa. Kai ne wanki, kai ne girki, har kitson yara. Mai ɗakina ta shiga gidanku wata Asabar ta tarar da kai a kan kujera, Auta a tsakanin gwiwoyinka, kana tsaga mata kai da rula da tsinken fensir. Ta ce tsagar ta miƙe sambal kamar titi, amma kitson ko kaza ta gani sai ta yi kuka. Ta karɓe aikin tana dariya har da hawaye. Kai kuma ka tsaya a kanta kana kallo, wai kana so ka gane inda lissafinka ya kuskure. Da wasu suka fara yi maka jajen rashin ɗa namiji, ka ce Allah ya auna ya ba ka, kuma shi awonsa ba a sake shi.

Mahaifiyarka tana can ƙasarku, ba ta karatu, wayar tarho kuma ba ta kai ƙauyenku ba a lokacin. Saboda haka duk wata sai ka zaunar da yara a gaban rikoda, kowacce ta gaida kakarta, ta karanta mata surar da ta haddace, kai kuma ka cika sauran kaset ɗin da labarin gida, a aika. Labarin rasuwarta sai da ya kwana tara a hanya kafin ya same ka. Na gan ka a masallaci ranar, bayan kowa ya watse, ka haɗa kai da gwiwa. Baba ne ya je ya zauna kusa da kai har aka kira sallar gaba. Kaset ɗin da kuka riga kuka cika na wannan watan yana nan a ɗakinka har yau.

Duk shekara kuma akwai ranar da kake saka fararen kayanka, ka ɗauki wata koriyar jaka, ka tafi sabunta takardar izinin zama. Ka bi layi tun safe tare da waɗanda suka zo jiya, kai da ka shayar da garin nan ruwa shekara da shekaru. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Amma na san wurin yana yi maka ciwo, domin ranar ba ka cika magana ba. Na san inda ciwon yake, shi ya sa da na tashi dukanka, nan na nufa.

Ga yadda abin ya faru. Baba ya rasu, bai cika wata shida a kabari ba jama'a suka yanke shawarar faɗaɗa masallaci, domin ya yi mana kaɗan. Aka ce kai za ka zana. Ka kafa na'urarka mai ƙafa uku a harabar masallacin, ka yi awo. Bayan mako guda muka ga ka sake kafawa. Mako na uku ka kafa sanda kana bin inuwarta. Sannan wata rana da yamma ka yi sallama a ƙofar gidana, ka ce kana son magana da ni kafin kowa ya ji. Ka ce alƙiblar masallacin ta karkace, kuma karkatar ba ƙarama ba ce. Ban bari ka ƙarasa ba. Na ce ina da baƙi a ciki, na shige na bar ka tsaye da takardarka a hannu. Babu wani baƙo a gidana ranar.

Ka ga, masallacin nan shi ne abin da Baba ya bari. Bai bar gona ba, bai bar shago ba. In na shiga na taɓa bangon gaba, sai in ji kamar hannunsa nake taɓawa. A kunnena, abin da kake faɗa shi ne mahaifina ya karkatar da sallar unguwa guda har shekara arba'in, kuma ka jira sai da ƙasa ta rufe masa ido sannan ka faɗa.

Da aka taru bayan sallar la'asar, masallaci ya cika. Ka shimfiɗa zanenka, ka yi bayani a hankali, kana ta nanata cewa wanda ya gina ya yi iya ƙoƙarinsa da abin da yake da shi a zamaninsa. Ni ban ji wannan ba. Na miƙe, na ce:

"Jiya-jiya ka sauka a nan da akwatinka ɗaya, Baba ya ba ka tabarma. Yau kai ne za ka nuna mana inda Ka'aba take? Baƙo raɓa ne. Ka bar mana masallacinmu yadda muka gaje shi. Ranar da takardarka ta ƙare, kai tafiya za ka yi, mu ne a nan."

Na ga wuyanka ya motsa kamar mai haɗiyar abu mai ɗaci. Ka naɗe zanenka a hankali, ka sa masa roba, ka ce, "Gaskiya ne, Malam, ni baƙo ne. Allah ya ji ƙan Baba." Ka ɗauki takalmanka ka fita.

Liman na lokacin dattijo ne mai hangen nesa. Ya sa aka nemo wasu masanan daga wani wuri, suka auna, suka samu abin da ka samu, babu bambanci ko kaɗan. Ya tara mu ya ce sallolinmu na baya suna nan daram, domin wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ba shi da laifi, amma wanda ya sani ya ƙi gyarawa shi ne mai laifi. Masanan suka ba da shawarar a rushe bangon gaba a sake shi. Kai ne ka hana. Ka sake zane, ka bar bangon Baba a tsaye yadda yake, ka ja layukan sahu a karkace a kan daɓe da farin fenti, ka faɗaɗa ginin ta baya. An yi asarar wurin mutum kusan ashirin saboda haka, wasu har suka yi gunaguni. Baƙon da ya shiga masallacinmu yau zai ga bango yana kallon wani wuri, sahu yana kallon wani wuri. Dalilin ke nan.

Na san ka yi gaskiya tun kafin masanan su tafi. Amma girman kai rawanin tsiya ne, kuma ni na naɗa shi har da kunnuwa. Na yi shekara guda ina tafiya wani masallaci mai nisa. Da na gaji na dawo, na tsaya a kan layin da ka ja, na yi salla, ban ce maka komai ba. Muka koma gaisawa. Kullum ina cewa sai na samu lokacin da ya dace, kullum lokacin ba ya dacewa.

Da ka rama, da na samu sauƙi. Ba ka rama ba. Ranar da naƙuda ta zo wa mai ɗakina da gardama, motarka ce ta kai ta asibiti. Da ɗana ya kasa lissafi, kai ka zaunar da shi wata uku a barandarka har ya ci jarrabawa. Da na yi ritaya ruwa ya fara yi mana wuya, na dawo daga kasuwa na tarar da kai a tsakar gidana da ma'aikata biyu kuna kafa tanki. 'Ya'yanka suka tashi suna ce mini Baffa, alamar ba ka taɓa faɗa musu ba. Kowane alheri naka sai ya ƙara wa maganar nauyi a ƙirjina, har ta kai na kasa ɗaga ta.

Ranar Litinin, ana gobe za ka rasu, na yi wanka na sa riga, na ce wa mai ɗakina yau zan sauke kayan nan. Na same ka a asibiti, a ɗaki na biyu daga ƙarshen baranda, robar iska a hancinka, Likita tana gefenka. Ka rame ƙwarai, amma idonka yana nan yadda na san shi. Muna gama gaisawa ka ce, "Malam, taimaka mini. Gadon nan bai kalli alƙibla ba, tun jiya nake faɗa musu." Ni da Likita muka kama gadon muka tura. Ka ce, "Dama kaɗan. Ƙara. Yawwa." Ka lumshe ido, ka yi ajiyar zuciya.

Na jawo kujera, na riƙe hannunka, na ce, "Injiniya, akwai wata magana." Ka buɗe ido ka dube ni. Daidai nan ƙofa ta buɗe, tsofaffin ma'aikatanka su biyar suka shigo dubiya, har da makanikin nan, ya tsufa yana dogara sanda. Ɗaki ya cika da gaisuwa. Ni da na iya zaginka a gaban masallaci guda, sai ga shi ina jin nauyin ba ka haƙuri a gaban mutum biyar. Na saki hannunka na ce sai gobe in Allah ya kai mu. Ka ce, "Allah ya kai mu, Malam." Ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Da na isa gidanku ranar Talata, Likita ta ja ni gefe ta ba ni saƙon. Ta ce, "Abba ya ce ba shi da ɗa namiji, kuma ba shi da ɗan'uwa a ƙasar nan sai kai. Ya ce kai za ka shiga kabarinsa, kai za ka juya masa fuska." Ga surukanka uku a tsaye, mutanen kirki, kowannensu ya fi ni ƙarfi ya kuma fi ni haƙƙi. Amma ni ka zaɓa. Na shiga, aka miƙo mini kai, ba ka da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da kai a kan damanka, na juya fuskarka zuwa alƙibla da hannun nan nawa. A nan na faɗi abin da na kasa faɗa ranar Litinin, a hankali, inda babu mai ji sai Allah. Sai da aka kamo hannuna aka fito da ni.

Kwana uku bayan haka Umma ta aiko a kira ni. Tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, ni ina daga waje. Na fara yi mata gaisuwa, ta katse ni.

Ta ce, "Malam, zauna, akwai abin da zan faɗa maka. Shi aka ba amana, ba ni ba. Ni ruwa na kawo musu, na ji daga bayan ƙofa."

Ta ce wata biyu kafin rasuwar Baba, ya tsallako titi da sandarsa ya same ka a baranda. Ya ce maka, "Ɗana, masallacin nan da fitowar rana na kafa turakunsa, ina matashi, ban tambayi kowa ba. Daga baya na lura rana ba wuri ɗaya take fitowa ba duk shekara. Abin ya daɗe yana cina, na kasa faɗa wa kowa. In na kau, ka auna. In ya karkace, ka gyara. Amma kada ka ce ni na sa ka, kada a ce na sani na yi shiru."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe ranar da na miƙe ina kare mahaifina, kai ne kake cika masa wasiyya. Kalma ɗaya za ka faɗa ka rufe mini baki har abada, kuma tana kan harshenka. Ka haɗiye ta, ka ɗauki takalmanka. Ka riƙe ta shekara ashirin da shida, kana gaishe ni safe da yamma.

Na tambaye ta, da muryar da ni kaina ban gane ba, ko abin ya dame ka. Ta ce, "Kada ka yaudari kanka, Malam, ya ji zafi. Ranar bai ci abinci ba. Ya sauko da akwatin nan da ya zo da shi, ya kwana uku a tsakar ɗaki a buɗe. Na fara haɗa kayan yara. Rana ta huɗu ya mayar da shi kan kabad, ya ce ɗa ne ya kare ubansa, ba za a bar gari saboda wannan ba. Bai sake tayar da maganar ba." Ta share ido da gefen mayafinta, ta ce, "Ya yafe maka tuntuni. Amma ya so ya ji daga bakinka. Ranar Litinin da ka tafi, ya ce mini, Malam ya kusa."

Wannan kalmar ita ce zan kwana da ita in tashi da ita har tawa ta zo.

Jiya bayan sallar la'asar na nemi izinin Liman, na miƙe a daidai wurin da na tsaya wancan karon. Na faɗi maganar da na yi, kalma da kalma, don yaran da ba a haifa ba lokacin su ji. Na faɗi abin da Umma ta gaya mini. Na ce ina fatan Baba zai yafe mini tona sirrinsa, domin ban ga abin kunya ga maginin da ya damu da sallar mutane har a bakin kabarinsa ba. Sannan na ce na janye maganata, ƙarya na yi, zalunci na yi, a shaida. Sai tsohon ladaninmu ya kamo hannuna ya zaunar da ni, ya ce, "Ka daɗe a hanya, Malam." A baki na faɗa a masallaci, ga shi kuma na rubuta, don ya kai inda muryata ba ta kai ba.

Na ce ranar da takardarka ta ƙare tafiya za ka yi. Likita ta nuna mini ita a cikin koriyar jakar nan, saura wata takwas ta ƙare. Na ce kai raɓa ne. Ga ruwanka yana zuba a kowane gida, ga layinka muna tsayawa a kai sau biyar a rana, ga jikokinka suna wasa a titin da na ce ba naka ba ne. Kana kwance taku goma sha biyu daga kabarin Baba. Na auna da ƙafata, na kuma sake aunawa.

Ya Allah, bawanka ya baro ƙasarsu ya zo mana baƙo, yau kuma ya zo maka baƙo, kai ne kuwa mafi alherin masu saukar baƙi. Ka karɓi baƙuncinsa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi. Yadda ya shayar da na ƙarshen gari, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Yadda ya rufa wa mahaifina asiri, ka rufa masa asiri ranar da asirai ke tonuwa. Ka haɗa shi da mahaifiyarsa da bai samu binnewa ba, da Baba da ya kira shi ɗa, a cikin Aljannar Firdausi. Ka isar masa da ban-haƙurina, ya Ubangiji, tunda ni na makara.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Umma, wadda za ta ji ƙarfe ɗaya da kwata ta yi ba ƙarar mota. Allah ya ba ki haƙuri da dangana, ya zame miki gata. Ga Likita da ƙannenta biyu, da mazajensu, da jikoki, Allah ya albarkaci bayansa, ya sa ku gaji halinsa. Ƙofar gidana tana nan tana kallon taku, in har kuna iya ci gaba da kirana Baffa bayan abin da kuka ji. Ga 'yan'uwansa da ke can ƙasarsu, ku sani ɗanku bai mutu a hannun bare ba. Ga abokan aikinsa, da jama'ar masallacinmu, da mutanen famfon ƙarshe, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa baki ɗaya.

Allah ya ji ƙanka, ɗan'uwana. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, fuskarmu tana kallon inda ka nuna mana. Amin.